Sahu ɗaya a masallaci, sahu biyu a zaure

   

A wani watan Ramadan da ya gabata, wani matashi ne yake ja mana sallar tahajjudi a masallacin da nake wa'azi a nan Wudil. Mahaddacin Alƙur'ani ne, mai sanyin murya da sanyin hali, ya kuma yi karatun boko har ya samu aikin koyarwa. A cikin masu tsayawa a sahun farko akwai wani dattijo mai mutunci, wanda sau da yawa nake jin shesshekar kukansa idan yaron ya kai ayoyin azaba. Bayan Ƙaramar Sallah sai iyayen yaron suka roƙe ni in shiga cikin waɗanda za su nema masa auren 'yar wannan dattijo, domin yaran sun riga sun fahimci juna. Muka je, aka yi mana shimfiɗa a zaure, aka kawo ruwa da fura, aka karɓe mu hannu bibbiyu. Dattijo ya ce a ba shi mako biyu ya yi shawara. Da wa'adi ya cika sai ya aiko cewa an yi istihara ba ta yi kyau ba, a yi haƙuri.

Muka yi haƙuri, domin wa zai yi jayayya da istihara? Sai bayan kamar wata uku, muna dawowa daga wata jana'iza, ya kama hannuna ya ja ni gefe ya ce: "Malam, kai namu ne, ba zan ɓoye maka ba. Yaron nan ba shi da abin kushewa, amma ka san gidansu. Kakansa da wuƙa a hannu ya tsufa a mahauta. In na ba shi, da wane ido zan kalli dangina?" Ban ce masa komai ba sai "Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri." Wannan shirun da na yi shi ya hana ni sakat tun daga ranar, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Na sha hawa mumbari in karanta aya ta 13 ta Suratul Hujurati, in fassara cewa Allah Ya sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna, kuma mafi daraja a wurinSa shi ne wanda ya fi jin tsoronSa. Na sha kawo hudubar Manzon Allah (SAW) ta kwanakin Mina, inda ya rushe fifikon Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba, da fifikon fari a kan baƙi. Duk lokacin da na faɗa, jama'a sukan gyaɗa kai, har da wannan dattijo, kuma ban taɓa samun wanda ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce bai yarda ba. Matsalar ke nan. Da akwai mai musu, da an zauna an buɗe littafi an kafa hujja. Amma mu kowa ya yarda da baki, sannan kowa ya koma gida ya yi aiki da wata aƙida dabam da ke kwance a ƙarƙashin zuciyarsa, wadda ko shi kansa ba ya son ya ji sunanta.

Harshen da muka ƙirƙiro

Domin mu rayu da aƙida biyu a zuciya ɗaya, sai muka ƙirƙiro wani harshe na musamman. "An riga an yi mata miji." "Ba sa'anmu ba ne." "Kakarta ce ba ta amince ba." "Mun bincika, akwai 'yar magana." Mafi muni a cikinsu ita ce ta istihara, domin istihara addu'a ce da bawa yake miƙa wa Ubangijinsa yana neman zaɓi a kan abin da bai yanke ba. Wanda ya gama yanke hukunci tun ranar da ya ji sunan gidan su yaro, sannan ya ce istihara ce ta hana, ya ɗauki son zuciyarsa ya jingina wa Allah. Wannan ƙarya ce, kuma ƙaryar da aka lulluɓe da ibada ta fi wadda aka yi tsirara haɗari.

Dubi abin da wannan harshe yake haifarwa. Wanda aka hana ya san dalili, amma ba shi da bakin faɗa, domin da ya buɗe baki za a ce ya cika mummunan zato, ko a ce yana son tayar da fitina, tunda ai babu wanda ya ambaci asalinsa. Wanda ya hana shi ma ba zai tuba ba, domin a ganinsa bai zagi kowa ba. Malamin da ke tsakani, irina, sai ya fake da cewa ba a tilasta wa uba. Haka za a tashi kowa ya san gaskiya, babu wanda ya faɗe ta. Idan aka zo taron wa'azi ko na ƙara wa juna sani a kan 'yan'uwantakar Musulunci, sai a yi jawabai masu daɗi, a yi kabbara, a watse, kuma babu ƙofar gida ko ɗaya da ta buɗe wadda a da take rufe. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu kuwa mun shekara muna wanka da riga.

Su wane ne abin ya shafa? Mahauta da wanzamai da maƙera da masunta da majema da maroƙa, waɗanda sana'arsu ta gado ce. Sai waɗanda ake raɗa cewa kakanninsu bayi ne, ko da shekara ɗari ta wuce. Sai ɗan Bamaguje da ya musulunta, wanda za a yi ta kabbara ranar da ya yi kalmar shahada, a tara masa kuɗi, amma ya shekara goma ana kiransa tubabbe, ba wanda zai ba shi 'ya. Sai Bafulatanin daji da ya shigo gari, ana masa kallon ɓarawo tun bai buɗe baki ba, shi ma kuma a rugarsa yana da sunan raini da yake kiran Bahaushe da shi. Har launin fata bai tsira ba, don kuwa mu ne muke cewa fara ko mayya ce, sannan mu yi mamakin yadda 'ya'yanmu mata suke ƙone fatarsu da mayukan bilicin.

Duk wanda ya shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a zai ga yadda rayuwarmu take a sarƙe. Bafulatani ya koro shanu kara, dillali ya shiga tsakani, mahauci ya saya ya yanka, majemi ya ɗauki fata, maƙeri ne ya ƙera wuƙar da aka yi yankan da garmar da aka yi noman dawar da za a ci naman da tuwonta. Masunci ya fito da kifi daga kogin da muke alfahari da shi. Wanzami shi ya yi wa ɗanka askin suna da kaciya. Ka amince wa mahauci ya ambaci sunan Allah a kan abin da za ka ci, ka amince wa wanzami da jinin ɗanka, ka bi ɗansu sallah kana kuka. Zancen aure kaɗai ya taso, sai ka tuna cewa ba sa'anka ba ne.

Laifi tudu ne

A watan Mayun 2020, da wani ɗan sanda farar fata ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a birnin Minneapolis na Amurka har ya mutu, mun yi Allah wadai, mun kuma yi huduba a kan cewa Musulunci ya magance wariyar launin fata tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. A ƙarshen 2017, da aka nuna hotunan yadda ake gwanjon baƙaƙen fata 'yan ci-rani a Libiya, ranmu ya ɓaci. Alhazanmu da ɗalibanmu da suka zauna a wasu ƙasashen Larabawa sun san zafin a kira mutum da kalmar da ke nufin bawa don kawai fatarsa baƙa ce, sun kuma san irin kallon da ake yi wa wanda ake kira takari. A watan Yulin 2022 an zubar da jini a jihar Blue Nile ta Sudan, a rikicin da ya shafi Hausawan can, waɗanda kakanninsu suka zauna a ƙasar shekaru aru-aru, amma har yau ana ce musu baƙi ne marasa haƙƙin ƙasa da sarauta.

Duk wannan ɓacin rai daidai ne. Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ciwon da muke gani a wurin Bature da Balarabe shi ne dai muke ɗauke da shi, wato auna darajar mutum da abin da bai zaɓa ba, bai kuma aikata ba. Bambancin kawai shi ne su sukan duba fata, mu kuma mukan duba kaka. Wanda ya fara wannan awo kuwa Iblis ne, lokacin da ya ƙi yi wa Annabi Adamu (AS) sujada yana kafa hujja da cewa shi daga wuta aka yi shi, Adamu kuma daga laka, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi. Iblis bai ce ya fi Adamu ibada ko ilimi ba. Asali ya kawo.

Abin da tarihi ya bar mana

Ya kamata mu faɗi gaskiya a kan inda wannan tabo ya samo asali. An yi bauta a ƙasar Hausa, an sayar da mutane a kasuwanni har da Kurmi ta Kano, an yi rinjoji da gandaye inda bayi suke noma, aka kuma riƙa kiran 'ya'yan da aka haifa a cikin bauta cucanawa. Malamai na gaskiya sun yi magana tun da wuri. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, a fatawarsa Mi'irajus Su'ud da ya rubuta wajajen 1615 domin amsa tambayoyin mutanen Tuwat, ya bayyana cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Borno a cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Wasiƙatu Ahlis Sudan, ya haramta bautar da 'ya'ya daga cikin Musulmi. Yawan wannan gargaɗi shi ke nuna cewa ana aikata abin. Ke nan da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa jikokinsu gori a yau, mutane ne 'yantattu da aka kama a hari aka raba da iyayensu bisa zalunci. Idan akwai abin kunya a wannan labari, a wuyan wanda ya kama ya sayar yake. Ta yaya muka juya shi ya koma kan jikan wanda aka zalunta?

Dokar Turawan mulkin mallaka ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Afrilun wannan shekara ɗa ne, sannan a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Amma doka takarda take gogewa, ba ta kai ga zuciya. A maƙwabciyarmu Nijar, sai a 2003 aka mayar da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma a ranar 27 ga Oktoba, 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a 1996 a kan sefa 240,000, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Wannan a zamaninmu ya faru, a yankin Birnin Ƙonni, tsakanin mutane masu sallah da azumi.

Wani abin lura shi ne, ko a da can lamarin bai miƙe yadda masu alfahari suke zato ba. A fadar Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautu ne na bayin sarki, amma masu riƙe da su sun yi ƙarfin faɗa a ji da hakimai da yawa ba su samu ba. Sarakuna da dama a ƙasar Hausa ƙwaraƙwarai ne suka haife su, haka ma halifofin Abbasiyawa irin su Haruna Rashid da ɗansa Ma'amun. Wane ne a cikinmu zai dafa Alƙur'ani ya lissafa kakanninsa mata har bakwai, ya rantse babu wadda aka kamo ko aka saya? Mafi yawan abin da muke kira asali, iyakar abin da tsofaffin unguwa suke iya tunawa ne.

Me fiƙihunmu ya ce?

Wasu masu ɗan karatu sukan fake da kafa'a, wato dacewar miji da mata. Gaskiya ne akwai wannan babi a fiƙihu, kuma Hanafiyya da Shafi'iyya sun yi la'akari da nasaba da sana'a a cikinsa. Amma mu da muke cewa mabiya Imamu Malik ne, ya kamata mu san cewa mazhabarmu ce ta fi kowace nisa daga wannan. A cikin Mudawwana an kawo cewa da aka gaya wa Imamu Malik wasu suna bambantawa tsakanin Balarabiya da 'yantaccen bawa a wajen aure, sai ya ga girman maganar ƙwarai, ya nuna cewa Musulmi sa'o'in juna ne, ya kafa hujja da ayar Hujurati. Muhtasar na Shehu Halilu da ake karantarwa a zaurukanmu ya tsayar da kafa'a a kan addini da kuɓuta daga aibobin da ke sa a raba aure, ya kuma bayyana cewa 'yantaccen bawa da wanda ba sharifi ba da wanda bai kai matar matsayi ba, duk sa'o'inta ne. Abin mamaki, mutumin da zai yi faɗa da kai a kan sakin hannu ko kamawa a sallah don kare mazhaba, idan aka zo aurar da 'yarsa sai ya tsallake mazhabar ya je aron ra'ayin da bai taɓa karantawa ba.

Imamu Malik kansa, ɗaya daga cikin manyan malamansa shi ne Nafi'u, 'yantaccen bawan Abdullahi ɗan Umar (RA), kuma ruwayar Malik daga Nafi'u daga Ibnu Umar ita ce malaman hadisi suke yi wa laƙabi da sarƙar zinare. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, wanda fatawar Makka ta koma hannunsa a zamaninsa, baƙar fata ne kuma maula.

Aikin Manzon Allah (SAW) da sahabbansa ya fi kowane bayani fitowa fili. Ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawansa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa da Faɗima 'yar Ƙaisi, Baƙuraishiya, ta nemi shawararsa a kan Mu'awiya da Abu Jahmi da suka fito neman aurenta, sai ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Da farko ranta bai so ba, daga baya ta shaida cewa Allah Ya sanya alheri a auren. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya umarci Banu Bayada su aurar wa Abu Hindi su kuma auri nasa, alhali Abu Hindi mai yin ƙaho ne, wato wanzami a harshenmu. Ɗansa Ibrahim kuwa, a gidan wani maƙeri da ake kira Abu Saifi aka shayar da shi, kuma yakan je gidan ya ɗauke shi ya sumbace shi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin Salim, maulan Abu Huzaifa. Buhari ya ruwaito cewa shi yake yi wa Muhajirai na farko limanci a yankin Ƙuba kafin isowar Manzon Allah (SAW), domin ya fi su haddar Alƙur'ani. Buharin dai ya ruwaito cewa Abu Huzaifa ya aurar masa da 'yar ɗan'uwansa, Hindu 'yar Walidu ɗan Utba, daga gidan da yake cikin manyan gidajen Ƙuraishawa. Sun bi shi sallah, sun kuma ba shi 'ya. Mu mun ɗauki ta farko mun ajiye ta biyu.

Uzurorin da ake kawowa

Ba zan yi zalunci in ce duk wanda ya hana aure mai girman kai ne ba. Wani uban tsoro ne yake damunsa. Yana tsoron gorin dangi, yana tsoron a zagi jikokinsa a makaranta, yana tsoron ranar da faɗa zai haɗa 'yarsa da wata a gidan biki a jefa mata maganar. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shari'a ta ba waliyyi haƙƙin duba maslahar 'yarsa. Amma mu tambayi kanmu, su wane ne masu gorin? Mu ne dai. Kowa yana tsoron bakin maƙwabcinsa, maƙwabcin kuma yana tsoron nasa bakin, aka taru aka gina kurkuku kowa yana gadin ɗan'uwansa. Idan babu wanda ya fara karya wannan, jikokinmu ma a ciki za su tashi.

Wani zai ce al'ada ce, kuma shari'a tana la'akari da al'ada. Tana yi, matuƙar al'adar ba ta ci karo da nassi ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ambaci abubuwa huɗu na Jahiliyya da za su wanzu a cikin al'ummarsa, biyun farko su ne alfahari da asali da sukar nasabar mutane. Daɗewar abu a cikin mutane ba ta fitar da shi daga Jahiliyya. Sanin nasaba domin sada zumunci da rabon gado abu ne mai kyau. Wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zage-zagi, inda kowa yake kiran ɗan'uwansa bawansa ana dariya, shi ma yana da amfaninsa, domin tsakanin sa'o'i ake yinsa. Kalmar nan dai idan aka raɗa ta a bayan mutumin da aka san tarihin gidansu, ta zama wuƙa.

Akwai kuma abin da yake tona asirin wannan aƙida gaba ɗaya, wato kuɗi. Bari ɗan mahaucin nan ya zama babban dillalin shanu mai loda tireloli zuwa Legas, ko ya ci zaɓe, ko ya samu babban muƙami a Abuja, sai a nemi masu binciken asali a rasa, istihara kuma ta yi kyau a dare ɗaya. Ashe asalin da muke karewa, talaka kaɗai yake kamawa.

Sai masu cewa tono wannan magana tayar da fitina ne. Fitinar tana nan tun kafin a yi magana. Tana cikin zuciyar saurayin da aka wulaƙanta ya haɗiye, da budurwar da ta daɗe a gida saboda an kori wanda take so, da sabon Musulmin da ya fara tunanin ko ya koma inda ya fito. Tana kuma cikin zage-zagen da matasanmu suke yi a Facebook da TikTok da sunan Hausa da Fulani, a lokacin da jini yake zuba a dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Shehu Usmanu ya yi gargaɗi a Bayanu Wujubil Hijra cewa fifita wata ƙabila a kan wata yana cikin abubuwan da suke saurin rushe mulki. Abin da iyaye suka raɗa a ɗaki, shi 'ya'ya suke ihunsa a intanet.

Kowa ya binciki zuciyarsa

Kada wani ya ce shi ya wuce nan saboda iliminsa ko ibadarsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Zarri (RA), duk da zuhudunsa da daɗewarsa a Musulunci, ya taɓa yi wa wani mutum gori da mahaifiyarsa a cikin fushi, sai Manzon Allah (SAW) ya gaya masa cewa akwai sauran Jahiliyya a tare da shi. Abu Zarri bai san tana nan ba sai da fushi ya fito da ita. Abin koyi shi ne bai yi musu ba, bai ce ba haka yake nufi ba. Bayan shekaru an gan shi a Rabaza sanye da tufa iri ɗaya da na yaronsa, aka tambaye shi dalili, ya ba da labarin kuskurensa da bakinsa.

Ni ma na yi wa kaina tambayar bayan waccan jana'iza. Ina da 'ya'ya mata. Da wannan matashi ƙofata ya ƙwanƙwasa, me zan ce? Na tarar bakina yana cewa na ba shi, amma wani abu a ƙirjina yana lissafa abin da 'yan'uwana za su faɗa. A ranar na gane cewa shirun da na yi wa dattijon nan ba ladabi ba ne kawai, akwai nawa rabon a cikin cutar. Hadisin da ya ce mai ƙwayar zarra ta girman kai a zuciya ba zai shiga Aljanna ba, ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane. Ƙwayar zarra kuwa ba a ganinta sai an haska.

Saboda haka ina kira ga abubuwa kaɗan da kowa zai iya. Na farko, uban da zai hana aure ya ji tsoron Allah ya daina jingina wa istihara abin da ba nata ba. Idan asali ne dalilinsa, ya faɗa wa kansa gaskiya, ya kuma faɗa wa malamin da ya amince da shi, domin a auna dalilin da ma'aunin shari'a. Na biyu, mu masu wa'azi mu daina tsayawa a kan labarin Bilal (RA) kaɗai. Kowa yana son Bilal domin ba zai zo neman 'yar kowa ba. Mu ambaci mahauci da wanzami da jikan bawa da tubabbe da sunayensu a kan mumbari, mu faɗi hukuncin Malikiyya ƙarara. Na uku, binciken aure ya tsaya a kan addini da hali da lafiya da halaccin abin da mutum yake ci da shi. Na huɗu, iyaye mata da kakanni su kula da harshensu a tsakar gida, domin a nan yaro yake fara jin cewa gidan su wane ba a aurensu. Na biyar, idan wanda abin ya shafa ya yi ƙorafi, a saurare shi har ya gama, kada a rufe masa baki da cewa ai duk ɗaya muke.

Wannan tambaya tana tafe zuwa kowane gida. Garin da yake da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, 'ya'yansa za su haɗu da 'ya'yan kowa, kuma za su kawo mana su zaure. Gara mu shirya amsar da za mu iya maimaitawa a gaban Allah.

Daga baya na koma wurin dattijon nan, na faɗa masa abin da ya kamata in faɗa tun ranar jana'iza, na kuma ba shi labarin Salim. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce: "Malam, gaskiya ka faɗa, amma abin da wuya." Auren dai bai yiwu ba, don yaron ya riga ya yi aure a wani gida. Amma wannan ce magana ta gaskiya ta farko da muka taɓa yi da shi a kan lamarin, kuma na fi ganin alheri a cikinta fiye da duk gyaɗa kan da ya yi mini a ƙarƙashin mumbari.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga girman kai na fili da na ɓoye, Ya yafe mana abin da muka yi wa bayinSa na raini da saninmu da wanda ba mu sani ba, Ya haɗa kanmu a kan gaskiya. Allah ne Mafi sani.